Karatun binciken wurin da aka aikata laifi: wace hanya za ka bi?

Duk wanda ya ce mini yana son karantar binciken wurin da aka aikata laifi, nakan fara tambayarsa wane aikin yake nufi. Aiki uku ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, kuma finafinan talabijin ne suka cakuɗa su. Akwai mai zuwa wurin da abin ya faru, ya killace shi, ya ɗauki hoto, ya auna, ya tattara kayan shaida ya liƙe su. Akwai na ɗakin gwaje-gwaje, wanda kayan ke iske shi a kan tebur, mai yiwuwa ya shekara bai taka inda aka yi kisa ba. Sai ɗan sanda mai bincike, wanda ke yi wa mutane tambayoyi har ya kai ga kama wanda ake zargi. A fim mutum ɗaya ke yin ukun, kafin a tafi talla ma ya gama. A zahiri kowane aiki da ƙofarsa, kuma takardar da ta buɗe wannan ba lallai ta buɗe waccan ba.

Hanyoyi biyar ne a gaban mai wannan niyya: difloma ta shekara biyu, digiri mai ɗauke da sunan fannin, digiri a kimiyya zalla, digiri a nazarin laifuka da tsarin shari'a, sai kuma shiga aikin ɗan sanda a nemi horo daga ciki.

Abin da za a auna da shi

Abu uku ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙofofin aikin da takardar ke buɗewa. Kuɗi da lokaci, wanda ya haɗa da shekarun da za ka yi ba ka karɓar albashi, ba kuɗin makaranta kaɗai ba. Sai sauƙin karatun ko wahalarsa.

Na huɗu shi ne ƙarko, kuma a nan mutane ke yin sake. Dabarun wannan fanni suna tsufa, wasu ma mutuwa suke yi. An daɗe ana kai mutane kurkuku da shaidar kwatanta gashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da shaidar sawun haƙori a jikin mamaci. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto wanda ya nuna cewa in aka cire gwajin DNA, yawancin hanyoyin kwatance da ake dogara da su ba a tabbatar da ingancinsu a kimiyyance yadda ya kamata ba. A 2015 hukumar FBI da kanta ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa, masu gwajin gashinta sun faɗi abin da ya wuce ƙarfin hujjarsu. Wanda dabara ɗaya kawai ya iya, ranar da aka jingine dabarar an jingine shi tare da ita. Wanda ya san sinadarai da ƙididdiga kuwa, sabuwar dabara ce kawai zai koya.

Na biyar haɗari, kuma kashi biyu ne. Kashi na farko, guraben aikin kaɗan ne. Amurka da duk girmanta, masu wannan aiki na tattara shaida da gwada ta ba su wuce 20,000 da 'yan kai ba, alhali makarantu na yaye ɗalibai kowace shekara. A Birtaniya gwamnati ta rufe babbar hukumarta ta gwajin shaidar laifuka a 2012, aikin ya watsu tsakanin rundunonin 'yan sanda da kamfanoni. Kashi na biyu a jikinka yake. Kafin a ɗauke ka sai an tona tarihinka, laifin da ka taɓa yi ko mu'amala da ƙwaya na iya rufe maka ƙofa duk kyawun sakamakonka. Wurare da yawa suna neman lasin tuƙi, wasu suna gwada ko idonka na bambance launuka. Bayan an ɗauke ka kuma akwai kiran ƙarfe uku na dare, da warin gawar da ta kwana biyar a ɗaki a rufe, da ranar da mamacin zai zama ƙaramin yaro. Ba kowa ke jurewa ba, kuma ba abin kunya ba ne. Don haka a kowace hanya sai a tambaya: in aikin bai samu ba, ko ya samu na kasa, me takardar nan za ta yi mini?

Akwai wani ma'auni da ya ratsa dukkan biyar ɗin, wato sa'o'in da hannunka zai yi yana aiki. Ɗauki misalin riga mai jini wadda ba ta bushe ba. Sabon shiga zai jefa ta a leda ya ɗaure, a ganinsa ya kiyaye ta. Kwana kaɗan danshi zai sa ta yi fumfuna, ƙwayoyin cuta su cinye DNA ɗin da ake nema. Wanda ya koya a aikace ya san a iska ake shanya ta, a sa ta a jakar takarda, a liƙe bakin, a sa hannu da kwanan wata a kan liƙin, sannan a rubuta sunan duk wanda ya karɓe ta daga nan har gaban alƙali. Ya san ana sauya safar hannu tsakanin wannan abu da wancan. Ya san ba a ɗaga komai sai an ɗauke shi hoto daga nesa, daga tsaka-tsaki, da kuma kurkusa da ma'auni a gefensa. Duk wannan ana iya haddace shi daga littafi, amma sai hannu ya maimaita shi sau da yawa kafin ya zauna, ta yadda ko a gajiye kake ba za ka tsallake ba.

In kana ganin wannan tsanani ya yi yawa, ga abin da ya faru a Turai. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka riƙa samun DNA ɗinta a wuraren laifi kusan 40, a Jamus da Ostiriya da Faransa, daga kisan kai har fasa gida. Jaridu suka raɗa mata suna Fatalwar Heilbronn. A 2009 aka gano babu wata mai laifi. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da 'yan sanda ke goge shaida da shi.

Difloma ta shekara biyu

A cikin hanyoyin makaranta, wannan ita ce mafi arha kuma mafi sauri. A Amurka ƙananan kwalejoji na shekara biyu ne ke bayar da ita, kuma kuɗinsu bai kai na jami'a ba ko kusa. Abin da ake koyarwa na aiki ne kai tsaye: ɗaukar hoto, zana taswirar wuri, tayar da zanen yatsa da hoda, amfani da sinadarin ninhydrin a kan takarda, turara abu da tururin gam mai ƙarfi don zanen ya fito, rubuta rahoto. Lissafi da sinadarai kaɗan ne, don haka wanda kimiyya ke ba shi tsoro zai iya wucewa lafiya.

Matsalarta a ƙofa take. Ƙananan rundunoni na iya ɗaukar mai difloma a matsayin mai tattara shaida, amma idan mutum hamsin suka nemi gurbi ɗaya, rabinsu da digiri, ka san inda takardarka za ta kwana. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa kusan a rufe yake gare ka. Akwai kuma tarko: wasu diflomomin an tsara su ne don a fita a kama aiki, ba don a ci gaba ba, sai ka je jami'a a ce ba za a lissafa maka rabin kwasa-kwasan da ka yi ba. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi a nuna maka a rubuce wace jami'a ce ke karɓar ɗalibansu zuwa aji uku.

Digiri mai ɗauke da sunan fannin

Nan ne zuciyar yawancin matasa ke karkata, saboda sunan yana da daɗin ji. Shekara huɗu ne a Amurka da Sikotland, uku a Ingila. Fannin yana da tsohon asali a jami'a, domin tun 1909 Archibald Reiss ya kafa makarantarsa a Jami'ar Lozan ta Suwizalan, shekara guda kafin Edmond Locard ya buɗe ɗakin gwajinsa na 'yan sanda a Liyon ta Faransa.

Amma abu biyu ne daban ke yawo a ƙarƙashin wannan suna, kuma sai ka buɗe jadawalin kwasa-kwasai za ka gane wanne ke gabanka. Na farko digirin kimiyya ne na gaske: shekara biyun farko sinadarai, ilmin halittu, fiziks da lissafi, daidai da abin da mai shirin karatun likita ke yi, sannan a ɗora binciken laifi a kai. Na biyu digirin nazarin laifuka ne da aka yayyafa wa kwas uku ko huɗu na ɗaukar hoto da zanen yatsa, aka sauya masa riga. Kuɗinsu ɗaya, sunansu ɗaya, amma darajarsu a kasuwar aiki ba ɗaya ba ce.

Ga yadda ake rarrabewa. Ƙidaya kwasa-kwasan da ke da ɗakin gwaji. Duba ko akwai sinadarai masu zurfi, ilmin gado, da ƙididdiga. Wannan ba son wahala ba ne: ƙa'idojin FBI na ɗakunan gwajin DNA a baya sun shafe shekaru suna sharɗanta cewa mai gwajin ya kasance ya yi kwas a sinadaran jikin halittu, ilmin gado, da nazarin ƙwayoyin halitta, tare da ƙididdiga. In babu su a takardar sakamakonka, sunan digirin ba zai cece ka ba. Sai ka duba tantancewa. A Amurka hukumar FEPAC ce ke tantance digiri na farko da na biyu a wannan fanni, a Birtaniya kuma ƙungiyar masana kimiyyar binciken laifuka da aka kafa a 1959 ce ke yi. Daga nan ka tambaya ko makarantar na da gidan gwaji inda ake shirya wurin laifi na koyo, da kotun koyo inda malami zai zama lauyan wanda ake tuhuma ya yi maka ruwan tambayoyi, da kuma ko suna tura ɗalibai sanin makamar aiki a wata runduna ko ɗakin gwaji. Makarantar da ta fara kame-kame a kan tambayar ƙarshen nan, ni dai ba zan ba ta kuɗina ba.

Nau'in farko yana da ƙarko kuma yana buɗe ƙofa biyu, fili da ɗakin gwaji. Nau'i na biyu shi ne mafi haɗari a dukkan hanyoyin nan, domin ka biya kuɗin cikakken digiri ka fito da abin da bai fi difloma ƙarfi ba sosai.

Digiri a kimiyya zalla

Sinadarai, ilmin halittu, ko sinadaran jikin halittu. Babu kalmar laifi ko ɗaya a sunan takardar, shi ya sa masu ɗoki ke raina ta. A ganina ita ce mafi ƙarko. Alec Jeffreys, wanda ya gano yadda ake bambance mutane da DNA a Jami'ar Leicester a 1984, ba ɗalibin binciken laifi ba ne, masanin ilmin gado ne. Locard ma likitanci da shari'a ya karanta. Shugabannin ɗakunan gwaji da yawa sun fi son wanda ya ƙware a sarrafa na'urori da auna sinadarai, domin koya masa yadda ake riƙe kayan shaida ya fi sauƙi a kan koya wa wani kimiyyar da bai taɓa yi ba.

Wahalarta a fili take. Karatun yana da nauyi, kuma za ka yi shekaru kana fama da abin da ba ka ga alaƙarsa da burinka ba. Ga aikin fili kuma za ka fito da giɓi, ba ka iya hoto ba, ba ka san dokokin shaida ba. Ana cike giɓin da zaɓaɓɓun kwasa-kwasai, ko sanin makamar aiki, ko digiri na biyu a fannin, wanda shekara ɗaya ne a Birtaniya, galibi biyu a Amurka. Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo tana koyar da irinsa tun 1967. In an ƙara digiri na biyun, wannan ce hanya mafi tsada da tsawo. Sai dai in aikin bai samu ba, kamfanonin magunguna, asibitoci, gwajin ruwa da muhalli, da koyarwa duk suna buɗe.

Digiri a nazarin laifuka da tsarin shari'a

Ba zan daɗe a nan ba. Karatu ne mai amfani ga wanda ke son aikin ɗan sanda, gidan gyaran hali, ko ci gaba zuwa lauya. Yana da sauƙi in aka kwatanta da kimiyya, kuma kusan kowace jami'a na da shi. Amma dalilan da ke sa mutane aikata laifi yake koyarwa, da yadda kotu ke aiki, ba yadda ake ɗaga zanen yatsa daga gilashi ba. Wasu rundunoni na karɓarsa don aikin fili, ɗakin gwaji kuwa a'a. Ɗalibai da yawa sai a aji na ƙarshe suke gane haka.

Shiga aikin ɗan sanda

Wannan ba digiri ba ne, amma dole a saka shi a ma'auni, domin a wurare da yawa ita ce ainihin ƙofar. Rundunoni da dama a Amurka jami'ansu masu kaki ne kaɗai ke binciken wurin laifi, sai ka yi shekaru kana sintiri kafin ka nemi a mayar da kai sashen. A Ingila akasin haka ne, yawancin masu wannan aiki farar hula ne da rundunar ke ɗauka ta horar. Saboda haka abu na farko shi ne ka san tsarin wurin da kake son yin aiki.

Ta fuskar kuɗi babu kamarta, ana biyan ka kana koyo. Horo na musamman ma sau da yawa sai wanda ke cikin aiki ake ba: kwas ɗin mako 10 na makarantar binciken laifuka da ke ƙarƙashin Jami'ar Tenesi don ma'aikatan hukumomin tsaro aka shirya shi, kuma takardar ƙwarewa ta IAI, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu aikin binciken shaida wadda aka kafa a 1915, ba a ba da ita sai mutum ya riga ya yi aikin na wani lokaci. Haɗarin shi ne babu wanda ya yi maka alkawarin sauyin sashe. Kana iya yin shekara goma kana jiran gurbi, kana aikin da ba shi ka zo nema ba, da duk kasadar da ke cikinsa.

Wata 'yar magana a kan karatu ta intanet, tunda tallarsa ta cika ko'ina. Ga jami'in da ke cikin aiki, wanda hannunsa ya riga ya saba, yana neman takarda don ƙarin girma, babu laifi. Ga sabon shiga kuwa, akwatin hoda da buroshi da za a aiko maka gida ba zai maye gurbin malamin da ke tsaye a kanka yana cewa ka sake ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Lokaci | Kuɗi | Wahala | Aikin fili | Ɗakin gwaji | Mafita in aikin bai samu ba |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Difloma | Shekara 2 | Kaɗan | Sauƙi | Akwai dama, gasa da yawa | Da wuya | Ƙunci |
| Digirin fannin mai kimiyya sosai | Shekara 3 zuwa 4 | Da yawa | Nauyi | Mai kyau | Mai kyau | Matsakaiciya |
| Digirin fannin mai ƙarancin kimiyya | Shekara 3 zuwa 4 | Da yawa | Matsakaiciya | Akwai dama | Da wuya | Ƙunci |
| Kimiyya zalla | Shekara 3 zuwa 4, ko fiye da digiri na biyu | Da yawa zuwa mafi yawa | Mafi nauyi | Sai an ƙara horo | Mafi kyau | Mai faɗi |
| Nazarin laifuka da shari'a | Shekara 3 zuwa 4 | Da yawa | Sauƙi | Ya danganta da runduna | A'a | Ayyukan tsaro da shari'a |
| Aikin ɗan sanda | Watanni na horo, shekaru na jira | Ana biyan ka | Ta jiki da ta rai | Mai kyau in an sauya maka sashe | A'a | Kana da aiki a hannu |

Wa ya dace da wacce

In ɗakin gwaji kake so, DNA ko gwajin ƙwaya da guba, kada ka wahalar da kanka da dogon tunani. Kimiyya zalla, ko digirin fannin da aka tantance wanda ka ƙidaya kwasa-kwasansa da idonka.

In fili kake so kuma kana iya kimiyya, digirin fannin mai kimiyya sosai ya fi dacewa da kai, da sharaɗin akwai sanin makamar aiki a ciki. Shi ne kaɗai ke ba ka hoto da hoda da kotun koyo ba tare da ya rufe maka ɗakin gwaji ba, kuma za ka gode wa hakan ranar da gwiwa da baya suka gaji da durƙuso.

In har yanzu kana wasi-wasi, ba ka tabbatar za ka iya jure abin da ido zai gani ba, kimiyya zalla ce ta fi maka, domin ita ce ba za ta ɗaure ka ba. Kafin nan ka nemi izinin bin wata runduna ko ofishin binciken gawa na kwana ɗaya ko biyu, inda ake yarda da haka. Gani ya kori ji.

In aljihu ne matsalar, fara da difloma a kwalejin da ke da yarjejeniya a rubuce da jami'a, kuma ka cika zaɓaɓɓun kwasa-kwasanka da sinadarai da ilmin halittu maimakon masu sauƙi.

In abin da ke burge ka shi ne yi wa mutane tambayoyi da bin sawu har a kama mai laifi, ɗan sanda mai bincike kake son zama, ba mai tattara shaida ba. Nazarin laifuka da shari'a, sannan kaki.

Wanda kuma ya riga ya sa kakin, ya nemi horon cikin gida da takardar ƙwarewa tukuna, digirin intanet ya biyo baya. Mai sha'awar kwamfuta ya duba binciken wayoyi da na'urori, wanda ƙofarsa digirin kimiyyar kwamfuta ce, ba ɗaya daga cikin waɗannan biyar ba.

Kowacce ka zaɓa, kafin ka cike fom ka nemo tallar aiki guda goma daga hukumomin da kake fatan yi wa aiki, ka karanta sashen sharuɗɗa layi-layi, ka ajiye shi gefe da jadawalin kwasa-kwasan makarantar ka ga ko sun haɗu.